Dutsen Gugar Umma

"Auta! Wai rigar nan ta Babanku da zinare aka ɗinka ta ne, da kika tsaya min a kai kamar mai gadi?"

Umma ce ke faɗa, tana kwashe shanya daga igiya. Auta ta marairaice murya.

"Ba haka ba ne, Umma. Dogo ya ce in za a goge a juya cikinta waje, kada dutse ya taɓa zanen. Roba ce, narkewa take."

"Shekara talatin ina goge kayan tela, yau ɗan jiya ne zai koya min guga? Wuce ki ba ni wuri!"

Auta ta wuce, amma zuciyarta na wajen rigar. Ai dole, don aurenta ne rataye a jikin wannan farar tishat.

Dogo shi ne saurayinta, shekara biyu ke nan. Da wasa ya fara sana'arsa, yana manna wa abokai hotuna a riga da dutsen guga a ɗakinsa. Da ya ga ana so, sai ya ajiye aikin da yake yi a shagon hotokofi, ya sayo injin buga riga, irin mai faranti biyu da ake dannawa da zafi, ya kama ɗan shago a bayan tasha. Baban Auta kuwa tela ne na gidi, kuma a wajensa duk abin da allura ba ta ratsa ba wasan yara ne. Ko sunan Dogo ba ya kira, sai dai ya ce "mai manne-mannen nan".

Da ƙyar, bayan roƙon shekara guda, Baba ya sassauta. Ya ce Dogo ya buga masa riga ɗaya da tambarin ƙungiyarsu ta teloli, almakashi da zare cikin shuɗi. Idan ta sha wanki ba ta ɓare ba, zai sa ta zuwa taron Asabar, ƙungiya ta ba da odar riguna, shi kuma ya amince a yi maganar aure. Rigar ta sha wanki sau uku, zane na nan raɗau. Har Baba ya fara cika baki a gaban abokansa.

Safiyar Asabar Auta na shara ta ji tsawa daga ɗaki.

"Ku zo ku ga aikin banza!"

Baba ya fito riƙe da rigar da yatsu biyu. Almakashin ya kwaɓe, rabinsa ya ɗaye, shuɗin ya shafe ƙirjin rigar. Auta ta saki tsintsiya. Ta waiwaya ta dubi Umma, Umma ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwalin da bai kunce ba.

Aka kira Dogo a waya. Ya zo da haki, ya durƙusa a bakin ƙofar falo. Baba ya jefa masa rigar a fuska.

"Sana'ar da za ka riƙe min 'ya da ita ke nan? Abin da ko sati bai yi ba?"

Dogo ya shimfiɗa rigar a gwiwarsa, ya shafa wurin da yatsa. Baba ya san yadi ciki da waje, amma bai san roba ba. Dogo kuwa kallo ɗaya ya yi ya ga sawun bakin dutse, da inda aka kankare da farce don a gyara. Ya ɗaga ido ya ga Umma a jikin labule, ta kasa haɗa ido da shi.

"Laifina ne, Baba," ya ce a hankali. "A yi haƙuri."

"Babu wani haƙuri! Kada in sake ganin ƙafarka a gidan nan!"

Auta ta shige ɗaki ta kife a katifa, ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Kwana uku bayan haka tana sharar ɗakin Umma tsintsiya ta bugi wani abu a ƙarƙashin gado. Ta jawo, sai ga dutsen guga naɗe a tsohon zani, ƙasansa duk shuɗiyar roba ta daskare. Ashe shi ya sa Umma ke aron na maƙwabta tana cewa nata ya lalace! Auta ta mayar da shi yadda ta same shi, ta saci jiki ta nufi bayan tasha.

Ta tarar da Dogo gaban inji, ya ɗora wata baƙar riga yana jiran ƙarar agogo. Shagon na warin roba mai zafi, ga ragowar sitika a ƙasa.

"Ka sani!" ta ce, tun ba ta zauna ba. "Wallahi ka san Umma ce ta goge, ka yi shiru!"

Injin ya yi ƙara, Dogo ya ɗaga hannun injin, ya ajiye rigar gefe ta huce.

"Na sani."

"To mu je ka faɗa wa Baba! Filis, Dogo!"

"In faɗa masa me, Auta? In ce matarsa ta yi ɓarna ta ɓoye? Kin fi ni sanin zuciyar Baba. In tozarta uwar da ta haife ki a gaban mijinta, sannan gobe in shigo in durƙusa in ce mata Umma? Ke ma ai kin gani, me ya hana ki faɗa?"

Hawaye suka zubo wa Auta. Abin da ya hana shi ne ya hana ta.

"To yanzu ya za mu yi?"

"Mu jira. Wataƙila ita da kanta za ta faɗa."

Suka jira, amma Umma ba ta faɗa ba. Wata ɗaya ya wuce, biyu, har biyar. Kuma bakin teloli, Allah ya raba mu da shi! Kowane kwastoma ya zo awo sai an ba shi labarin rigar da ta narke. Makarantar da ke kawo wa Dogo rigunan wasanni ta janye, 'yan ƙwallo suka koma wani wuri. Sai ya wuni bai kunna inji ba. Auta ta rame, ta daina kwalliya, ta daina dariya. Tsakaninta da Umma sai gaisuwa, don ba ta iya haɗa ido da ita. Ita ma Umman abinci ya daina shiga, amma duk sanda ta buɗe baki gaban Baba sai tsoro da kunya su rufe mata shi. Sau da yawa Auta kan tsaya a ƙofar Baba da maganar a bakinta, sai ta tuna fuskar Umma a jikin labule, ta juya. Ta fara cire rai, ta ce wa kanta ƙila dama ba rabonta ba ne.

Wata Laraba da hantsi, Baba na shago, aka yi sallama. Dogo ne, ya tsaya daga waje bai shigo ba, ya rame har wuyansa ya ƙara tsawo.

"Umma, sallama na zo yi miki. Na sayar da injin, gobe zan tafi wajen yayana neman aiki."

Auta da ke bayan ƙofa ta toshe baki da mayafi. Dogo ya zaro wani ɗan farin abu kamar kyandir daga aljihu, ya ajiye a gaban Umma, ya rage murya.

"Wannan na goge ƙasan dutse ne. Ki ɗan ɗumama dutsen, ki shafa, ki share da tsumma. Tas zai fita, babu wanda zai gane. Bai kamata ki yi ta aro ba."

Umma ta kalli abin, ta kalle shi.

"Dama… ka sani?"

"Ki yafe min in na saɓa miki, Umma." Ya miƙe ya tafi.

Umma ta zauna daɓas a ƙasa, ta fashe da kuka irin wanda Auta ba ta taɓa ji daga gare ta ba.

Da Baba ya dawo cin abincin rana, bai tarar da kwano a tabarma ba. Dutsen guga ya tarar a kife, shuɗin na kallonsa, ko gogewa ba a yi ba.

"Ni ce, Malam," Umma ta ce, tana durƙushe. "Yarinyar nan ta gaya min kada in ɗora dutse a kan zanen, girman kai ya hana ni ji. Yaron ya gane tun ranar, ya rufa min asiri, ni kuma na bari aka kashe masa sana'a. Duk hukuncin da ka yanke, na ɗauka."

Baba ya ɗauki dutsen yana juyawa. Auta ta jira tsawa. Tsawar ba ta zo ba.

"Wata biyar," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Da bakina na bi shago-shago ina ɓata shi." Ya sa hula. "Auta, ɗauko mayafinki."

Suka tarar da shagon Dogo wayam, sai sawun ƙafafu huɗu na injin a kan tebur. Yana ɗaure kwali, ya ga Baba, ya zube ƙasa.

"Tashi, ɗana," Baba ya ce. Wannan ne karo na farko da ya kira shi da wani abu ban da mai manne-manne. "Injin ya tafi?"

"Tun safe, Baba."

"An ce da dutsen guga ka fara?"

"Da shi ne."

Baba ya ajiye dutsen Umma a kan sawun injin.

"To ga wanda ya ɓata maka. Akwai tebur a lungun shagona, ka zo ka sake farawa. Ranar Asabar zan tsaya gaban ƙungiya in janye maganata, ko da ba za su dawo duka ba. Yarinya kuwa na ba ka. Wanda ya rufa asirin uwarta ba zai tona nata ba."

Auta ta rufe fuska tana kuka tana dariya. Injin bai dawo ba, kuma sai da suka yi shekara biyu suna danna dutse da ƙarfin kafaɗa kafin su ga wani. Amma ku sani, 'yan uwa, kuskuren da aka ɓoye don kunya wani ne can yake ɗaukar nauyinsa, kuma mai haƙurin da ya kare mutuncin wani, ko ya rasa abin hannunsa, Allah ba ya barin sa haka.

Dogo ya zaro tsumma, ya jona dutsen a wuta, ya dubi Auta.

"Miƙo min farin abin nan, ai na ga kin taho da shi."