Yarinyar da Ta Ƙi Goge Tarihin Rijiya

A can wani zamani, a wani gari, malamin makaranta ya raba wa ɗalibai batutuwan rubutu, ya ce wanda ya yi fice zai sami tunkiya. Wani ya sami taurari, wani tatsuniyoyi, wani kuma abin da ke sa mutum jin tsoro. Wata yarinya ta sami tarihin rijiyar gari.

Ta bi tsofaffi gida-gida tana tambaya. Kowa ya ce mata, "Mata ne suka haƙa ta a shekarar fari, da maza suka tafi cin rani." Haka ta rubuta, har da sunayen matan da suka faɗa mata.

Malam ya karanta, ya ɓata fuska. Ya ce, "Kakan mai gari ne ya haƙa. Goge ki gyara."

"Malam, ba haka aka yi ba."

"Ke! Mai gari ne fa zai ba da tunkiyar!"

Ran yarinya ya ɓaci. Wato matan da hannayensu suka yi kanta, har ƙasa ta rufta da biyu daga cikinsu, a share su saboda tunkiya? Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba haka aka yi ba."

Ranar taron ba da kyauta aka ba mai taurari tunkiya, ita ko ko sunanta ba a kira ba. Sai ta nufi bakin rijiya, ta ɗaga murya ta karanta wa masu ɗiban ruwa rubutunta, har da sunayen matan. Wata tsohuwa ta saki guga tana hawaye, ta ce, "Jikata, maimaita wurin nan. Sunan uwata ne."