Kwana Bakwai na Inna Kande

"Wannan miya ce ko gishiri?" Inna Kande ta ture kwanon tuwon har murfin ya faɗi. "Ɗauke abinki, na ƙoshi."

Nazifa ta duƙa ta ɗauke kwanon. Shekara huɗu ke nan da rasuwar mijinta Barau, ɗan Inna Kande tilo, kuma tun da ta fita takaba ta ce ba za ta bar tsohuwar ita kaɗai a Wagini ba. Ita ke ɗebo ruwa, ita ke shafa mata man zafi a gwiwa, ba a taɓa jin kansu ba. Amma Lado na fara zuwa zance sai Inna ta rikice: yau gishiri, gobe shara.

Lado kuwa shi ne saurayin Nazifa na fari. Ya tafi ci-rani Kudu ya yi shiru, ta gaji da jira ta auri Barau. Yanzu ya dawo ya buɗe shagon gyaran babur a Batsari, yana roƙon ta yafe masa.

Da la'asar ya same ta a zaure, idonta jajur.

"Lado, Allah ya sani ina son ka. Amma in na tafi, wa zai ba Inna ko ruwa?"

"Mu tafi da ita mana. Ɗaki na nan, har sola na sa mata."

"Na faɗa mata. Ta ce da kunyarta ba za ta koma gidan mijin matar ɗanta ba, gari ya yi da ita."

Lado ya yi sallama ya shiga, ya cire takalmi ya durƙusa gaban Inna. Sai da ya gaida ta da gajiya, da ƙafa, da damina, sannan ya ce, "Inna, me Nazifa ta yi miki?"

Tsohuwa ta waiga, ta rage murya. "Yaro, duk Wagini babu mai miyarta. Faɗan ƙarya nake yi. So nake ta ji haushina ta bi ka, kar ta tsufa tana shafa gwiwata."

Ashe Nazifa na bayan zana. Ta fito da gudu ta faɗa jikinta tana kuka. "Haba Inna, wata biyu kina kwana da yunwa saboda ni?"

"Wa ya ce miki? Kina fita nake sauke tukunya in suɗe."

Kuka ya koma dariya. Lado ya gyara zama.

"Inna, kin ce ba za ki zauna gidana ba, ban ja da ke ba. Sai dai mahaifiyar Nazifa ta rasu. Wace uwa za ta raka ta ɗakinta, ta ɗan kwana biyu har ta saba? Ko ita kaɗai za ta tare kamar marar kowa?"

Inna ta harare shi. "'Yar tawa ce marar kowa? Zan raka ta. Amma ka ji da kyau — kwana bakwai, ko ɗaya ba zan ƙara ba."

To, jama'a, an ɗaura aure, Inna ta raka amarya Batsari, yau shekara uku ke nan ana kwana bakwai ɗin nan. Duk Juma'a Inna sai ta ɗaure ƙunshinta ta ce a mai da ita Wagini. Lado, bakaniken da ke gyara baburan rabin Batsari, sai ya sosa ƙeya ya ce nasa ya yi faci. Ita kuma ta kwance kayan tana mita, ta ɗauki jaririyar da Nazifa ta haifa, aka sa mata sunan Inna, ta goya.

"Bari dai takwarata ta yi haƙora," in ji ta.

Nazifa ta riƙe amanar tsohuwa ba ta jiran lada daga kowa, Allah kuwa bai bar ta ta zaɓi ɗaya ta rasa ɗaya ba. Duk wanda ya yi haƙuri da hidimar manya, ba ya asara.