Dalmar da Ba a Gani

Akwai wata yarinya da ke zaune da iyayenta a Stains, kusa da Paris. Shekararta goma sha ɗaya. Da aka ba da hutun lakwal, wato makaranta, a watan Afrilu, sai mamarta ta saka ta a jirgin ƙasa zuwa Lyon.

"Matar kawunki ta haihu," in ji mama. "Ki je ki taya su aiki. Ban da ƙiwa."

Kawu Moctar ne ya tarbe ta a tasha. Ma'aikacin jinya ne a wani asibiti. Idanunsa sun yi ja, kuma babban yatsansa na dama a naɗe yake da bandeji.

"Sannu da zuwa, ƴar Paris. Ina su Yaya?"

"Suna gaishe ka. Kawu, me ya sami hannunka?"

"Albasa na je yankawa, wuƙa ta zaɓe ni."

A gida ta tarar da Tanti Sa'ida, matar Kawu, da jaririya Aya. Aya ba ta san hutu ba. In ta yi shiru minti goma, sai ta sake fara kuka. Yarinyar ta yi wanke-wanke, ta yi shara, ta sauka bene hawa huɗu ta sayo burodi, ta sake hawowa. Kafin kwana uku, ita ma ta fara hamma kamar sauran mutanen gidan.

Ranar Juma'a da la'asar Kawu ya dawo daga aiki. Ya zauna ya cire takalmi a hankali.

"Kwana goma sha biyu ke nan ban huta ba," ya ce. "Gobe kaɗai nake da ita. Zan je kogi in kamo wa Tantinki kifi."

Tanti Sa'ida ta ɗago daga kan kujera. "Tun ina asibiti kake mini alkawarin farfesun nan. Ni ba na son na cikin ƙanƙara. Na kogi nake so."

"Gobe za ki sha, in sha Allah."

Kawu ya ɗauko wani ƙaramin akwati ya buɗe a kan tebur. Akwai ƙugiyoyi ƙanana, da zare, da gashin tsuntsu, da wata siririyar waya mai launin toka.

Ya bayyana mata cewa kifin da yake nema, sunansa *truite*. A ruwan sanyi mai gudu yake zama. Abincinsa ƙananan ƙwari ne da ke rarrafe a ƙasan kogi, cikin duwatsu. Saboda haka masu kamun sa suke ɗaura zare da gashi a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaron.

"Nawa duk sun ƙare," ya ce. Ya ɗaga yatsansa mai bandeji. "Kuma da wannan ba zan iya ɗaurawa ba. Ke za ki zama hannuna."

Ya matse ƙugiya ɗaya a bakin wani ɗan ƙarfe da ke riƙe ta. Ya miƙa mata wayar nan.

"Wannan dalma ce. Ita ce farko. Ki naɗa ta sau goma, kowane zagaye ya taɓa ɗan'uwansa."

Ta fara. Wayar ta zame. Ta sake, ta tsinke. A karo na uku ta zauna daidai, amma yatsunta sun fara zafi.

"Yanzu ki rufe ta da zare. Yawwa. Sai gashi, ki bar ɗan kaɗan a baya ya zama wutsiya."

Da ta gama, ƙwaron ya yi kyau. Ba a ganin dalmar ko kaɗan. Kawu ya jefa shi a kofin ruwa. Nan da nan ya nutse, ya taɓa ƙasan kofin da ɗan ƙara.

"Madalla! Ƴar Paris ta iya. Saura biyar."

Ya jingina da kujera don ya duba aikinta. Kafin ta matse ƙugiya ta biyu, barci ya ɗauke shi.

Yarinyar ta dubi wayar dalma. Ta dubi yatsunta. Bayanta yana ciwo, ga kwanoni suna jiranta a kicin.

"Ai zare yana rufe ta," ta ce a ranta. "Wa zai gani?"

Ta ture dalmar gefe. Ta ƙara zare da yawa don jikin ya yi kauri. Cikin ɗan lokaci ta gama biyar, ta jera su a wani ɗan gwangwani. Duka shida kamarsu ɗaya.

Da Kawu ya farka ya leƙa. "Har kin gama? Allah ya yi miki albarka."

Ta ce amin, amma ba ta kalle shi ba.

Washegari bayan sallar asuba suka shiga mota. Sun yi tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu kafin su kai wani kogi a tsakanin tsaunuka. Ruwan ya cika, yana gudu da ƙarfi. Kawu ya sa dogon wandon roba da ya kai masa ƙirji.

"Ɗaura mini ɗaya a igiya," ya ce. "Yatsan nan ba ya ƙulli."

Ta zaɓi na farko, mai dalma. Ya shiga ruwa ya jefa. A jifa na huɗu sandar kamun kifin ta lanƙwasa.

"Ga shi! Ga shi!"

Amma kifin ya shige ƙarƙashin dutse. Igiya ta tsinke, ƙwaron ya tafi.

Kawu ya yi dariya. "Ba komai. Suna nan, kuma suna jin yunwa. Kawo wani."

Ta dubi sauran biyar ɗin. Ta ɗaura masa na biyu.

Ya jefa. Ruwa ya kwashe ƙwaron ya wuce da shi ta sama. Ya sake jefawa. Haka dai. Awa ɗaya ta wuce. Ya ce ta canza masa wani, ta canza. Babu abin da ya taɓa.

"Ruwan ne ya yi ƙarfi yau," ya ce. "Bari in ƙara shiga ciki."

Ya shiga har ruwa ya kai masa ƙugu. Tana zaune a kan dutse tana kallo. Ya jefa, ya jawo. Ya jefa, ya jawo. Wani lokaci yakan tsaya ya dafa bayansa. Bandejinsa ya jiƙe.

Da rana ta yi tsaka ya fito. Leɓunansa suna rawa don sanyi. Ya zauna kusa da ita, ya zuba shayi daga fulas, amma bai sha ba.

"Ƙila na manta yadda ake yi," ya ce a hankali. "Gajiya ta yi mini yawa. Mu tafi gida. Zan ba Tantinki haƙuri."

Ya fara naɗe igiya. Yarinyar ta matso kusa da shi.

"Kawu."

"Na'am?"

"Ba kai ba ne. Ni ce." Hawaye suka zubo mata. "Babu dalma a cikinsu. Na farko kaɗai na saka wa. Na gaji ne, kuma na ga ba a gani."

Kawu ya ajiye igiyar. Ya ɗebo ruwan kogi a murfin fulas, ya jefa ƙwaro ɗaya a ciki. Ƙwaron ya tsaya a sama yana juyawa.

"Awa huɗu," ya ce. "Awa huɗu ina tsaye a ruwan sanyi, ina zargin kaina."

"Ka yi haƙuri, Kawu."

"Da kin ce mini kin gaji, da mun yi uku masu kyau mun tsaya. Gajiya ba laifi ba ce. Kowa a gidanmu a gajiye yake. Laifin shi ne ki bar ni in ɗauka an yi abin da ba a yi ba."

Ta sunkuyar da kai.

"A asibiti," ya ci gaba, "ina wanke ciwo kafin in rufe shi da bandeji. Babu mai ganin ko na wanke. Amma bayan kwana biyu jikin mai ciwon zai faɗa."

Ta share fuska. "Akwatin yana mota?"

"Yana nan."

"To ka ba ni in gyara."

Ta ruga ta ɗauko. Babu tebur, sai ta matse ɗan ƙarfen a jikin wani kututture. Ta ɗauki ƙwaro ɗaya, ta warware zaren da gashin har ƙugiya ta fito tsirara. Sannan ta ɗauki dalma. Yatsunta sun sandare don sanyi. Wayar ta tsinke, ta sake. Ta ƙirga da ƙarfi don Kawu ya ji, daga ɗaya har goma.

Da ta gama, ita da kanta ta jefa shi a murfin fulas. Ya nutse.

Kawu ya miƙe da ƙyar, ya koma ruwa. Jifa na farko, shiru. Na biyu, shiru. Ta miƙe tsaye tana kallo. Can sai sandar ta lanƙwasa.

"Kawo koma! Yi maza, ƴar Paris!"

Ta miƙa masa ƴar komar, wato ƙaramar raga, ya ɗago kifin. Jikinsa yana da ɗigo-ɗigo ja da baƙi. Kawu ya auna shi, ya ga ya kai girman da doka ta yarda a ɗauka.

Guda ɗaya suka kama, amma ya isa tukunya.

Da yamma Tanti Sa'ida ta sha farfesu har da gumi. Aya ma ta yi barci, kamar ta san ana cin abinci.

"Wa zan gode wa?" Tanti ta tambaya.

"Mu biyu," in ji Kawu. "Ni na jefa. Ita ta ɗaura. Sau biyu ma ta ɗaura."

Yarinyar ta yi murmushi. Ita ce ta ba Tanti labarin duka, ba ta ɓoye komai ba.

Daga ranar ta koyi darasi. In an ba ta aiki, tana yin wurin da ba a gani da kyau kamar wurin da ake gani. In kuma ta gaji, sai ta faɗi gaskiya ta ce ta gaji.