Riga Mai Hannu Ɗaya

Ku 'yan yanzu komai wasa ne a wurinku, to ku saurara. Shekara goma sha tara ina tuƙa jirgin ruwan baƙi masu yawon buɗe ido a tekun Ha Long, muna kwana tsakanin duwatsu, ban taɓa sakaci da haƙƙin matattu ba sai sau ɗaya.

Ruwa ne ya ci 'yata Tham. A watan bakwai na ƙona mata rigar takarda, kamar yadda kowa a ƙasarmu ke aika wa nasa mamacin kaya ta hanyar wuta. Abin da bai ƙone ba kuwa ba ya isa can. Yayyafi ya sauko, baƙi na jira, na bar wutar na tafi tun rigar ba ta gama ƙonewa ba.

Daren nan muka tsaya a bakin kogo. Baƙi sun yi barci, ina bayan jirgi ina shan shayi, sai ga kwalekwalen wata mai talla. Filafilinta na shiga ruwa, amma ban ji ƙararsa ba. Malfa ta rufe mata fuska.

"Kawu, ba a sayen ayaba?"

"Ke 'yar nan, kifaye za ki sayar wa yanzu? Ubanki ba shi da hankali ne?"

Ta yi 'yar dariya. "Aiki ne ya yi masa yawa, Kawu. Ba laifinsa ba ne."

Ta miƙo ayabar. Rigarta ta yi ƙaras-ƙaras, ƙaurin toka ya bugi hancina. Babu hannun hagu a rigar, damtsenta a waje yana rawar ɗari.

"Nan ne kawai nake jin sanyi, Baba," in ji ta.