Kitso Har Gida

Hamdiyya ta iya kitso tun tana yarinya a garinsu Alela, kuma da ta zo Birnin Konni karatun aikin jinya ba ta bar shi ba. Ranar da babu lakwal, wato makaranta, takan zauna a bakin ɗakin kwanansu, 'yan mata su kewaye ta, ta yi wa wannan shuku, ta yi wa waccan kalaba. Ƙawarta Nasiba ce ta kawo shawarar a sa mata talla.

Nasiba ke riƙe da shafin ƙarshe na Allon Ɗalibai, 'yar jaridar lakwal ɗin da ake bugawa da injin fotokofi. Shafin ƙananan tallace-tallace ne: mai sayar da tsohuwar waya, mai neman abokiyar zaman ɗaki, wanda ya yar da katinsa, mai koya wa yara lissafi. Jaridar ba ta tsayawa cikin lakwal. Tana kaiwa teburin mai shayi, da shagon tela, da tashar 'yan kabu-kabu. In an gama karantawa a ƙunsa ƙosai da ita, iska ta kwashe sauran.

Hamdiyya ta rubuta nata da tsawo. Ta faɗi irin kitson da take yi, ta ce cikin gari kawai, da rana kawai. Wuri bai isa ba, Nasiba ta datse shi. Da jarida ta fito, ga abin da aka buga sama da lambar wayarta:

"Kitso har gida. Ko ina, ko yaushe. Kowa ya kira, Hamdiyya za ta zo."

"Ke Nasiba, ni ban ce haka ba," in ji Hamdiyya.

"Talla na, ƙawata, ba rantsuwa ba," Nasiba ta amsa tana dariya. "Ki bari ki gani, waya ba ta barin ki kwana."

Haka kuwa aka yi. Matan ma'aikatan duwan, wato kwastan, suka kira, matan 'yan kasuwa suka kira. Hamdiyya ta daina ƙorafi.

Wata Alhamis, ƙarshen damina, bayan la'asar sakaliya, wayarta ta yi ƙara. Babu lamba a jikin gilashin. Ta ɗauka.

"Ke ta mai kitso?"

Muryar tsohuwa ce, a hankali, kamar daga cikin randa. Bayan muryar ana jin ɗigar ruwa.

"Ni ta, Goggo. Ina wuni?"

"Amarya gare mu. Wadda munka saba da ita ta tsufa, hannunta ya mutu. Ki taho hanyar Dogarawa. In kinka wuce garaken albasa, za ki ga ƙaramar hanya cikin hatsi, hannun hagu."

"Goggo, rana ta yi sanyi. Ko gobe da sahe?"

Ɗigar ruwan kawai ake ji.

"Ko yaushe kinka ce, ɗiyata."

Kunya ta kama Hamdiyya. Ta tuna yadda ake ji in biki ya zo amarya ba kitso. Ta zuba mataji da kibiya da man kitso da ɗan almakashinta cikin jaka, ta fita bakin lakwal ta nemi Mas'udu. Magidanci ne ɗan garinsu, yana kabu-kabu da moto, wato babur, shi ke kai ta duk inda aka kira ta.

Sun bar gari rana na shirin faɗuwa. Suka wuce garake, warin albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa na bin su. Ga hanyar nan kuwa a hagu, siririya, gero ya rufe ta ta kowane gefe, ya fi mutum tsawo.

Mas'udu ya tsayar da moto ya kashe.

"Ƙanwata, ni ban san da gida nan ciki ba."

"Ta ce ba nisa, Yaya."

"Moto ba ya shiga. In raka ki?"

"Ɗakin amarya na, ka sani ba a son maza. Ka jira ni nan, Yaya, don Allah. Kak ka tahi."

"Ba inda za ni. Nan zan yi magariba."

Ta shiga. Ganyen gero na shafar fuskarta. Kwaɗi na kuka ta ko'ina, sauro na bin kunnenta. Ta yi tafiya kaɗan, sai kukan kwaɗin ya tsaya cak, kamar an rufe ƙofa a kansa.

Hanyar ta buɗe. Ga gida.

Katangar ƙasa ce, sumul, tana sheƙi kamar yau aka yaɓe ta. Babu akuya, babu kaza. Babu hayaƙin tuwo. Gidan biki, amma ko takalmi ɗaya babu a ƙofa.

"Salamu alaikum."

Ba a amsa sallamar ba. Muryar nan ta waya ce ta ce, "Shigo, mai kitso."

Tsohuwar na tsaye a tsakar gida, doguwa, lulluɓe da baƙin zane. A hannunta akwai shafin jaridar, jiƙe sharkaf, tawadar ta zube, layin tallan Hamdiyya kaɗai ya rage ana iya karantawa. Ta nuna tabarma da haɓa.

Amaryar na zaune a kai, ta ba da baya. An ajiye 'yar kujera a bayanta. Hamdiyya ta zauna. Kujerar sanyi ƙalau, har cikin ƙashi.

"Sannu amarya. Wane iri za a yi?"



"Ƙanana," in ji tsohuwar. "Har ki gama."

Hamdiyya ta zare mayafin kan amaryar. Gashi ya zubo. Ya sauka kan kafaɗa, ya sauka kan tabarma, ya wuce bakin tabarmar ya shiga duhun ɗaki. Ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ta sa hannu. A jiƙe yake, yana warin taɓo da ruɓaɓɓen ganye.

Ta ce a ranta, ta yiwu yanzu aka wanke shi.

Ta ɗauki kibiya ta ja tsaga ta farko. Fatar kan fara ce fat, kamar cikin kifi. Babu ɗumi ko kaɗan.

Ta so ta yi bisimilla. Harshenta ya yi nauyi, kalmar ta ƙi fita. Hannuwanta kuwa suka kama aiki da kansu, da saurin da ba ta san tana da shi ba.

Layi ɗaya. Wani layin. Wani.

Hasken sama ya koma ja, ya koma toka. Ba a kunna fitila ba. Ta lura amaryar ba ta motsa ba tun da aka fara. An ja gashi, ba ta ce wash ba. Bayanta na jingine da gwiwoyin Hamdiyya, kuma bayan nan ba ya hawa, ba ya sauka.

Ba ta numfashi.

"Goggo," Hamdiyya ta ce da raɗa, "duhu ya yi. Ba ni gani. In dawo gobe in ida."

"Hannunki na gani."

"Ana jira na bakin hanya."

"Kowa ya kira, za ki zo. Mun kira. Kin zo."

Ƙafafunta suka fara jin sanyi. Ta duba ƙasa. Ruwa ne ke tsattsafowa ta cikin tabarmar, baƙi, ba ƙara. Ya rufe takalmanta. Ya kai idon sawu.

Ta kai tsakiyar kai. Rabi ya kitsu, rabi na zube.

A lokacin ne ta ji an zame mata ɗankwali.

A hankali aka yi, kamar yadda uwa ke yi wa 'yarta. Yatsu suka shiga gashinta. Dogaye, masu sanyi. Suka fara tsefe mata kalaba ta ƙeya.

Ta ɗaga ido. Tsohuwar na gabanta, inda take tun ɗazu, hannu biyu riƙe da jarida. Hannuwan amarya na kan cinyarta.

To wa ke bayanta?

"Kak ki waiga," in ji tsohuwar. "Ladarki ta, kitso aka yi miki. Mai kitsonmu ba ta zama da kai haka."

Yatsun na kitsawa. Hamdiyya ta san aikin, ta san abin da ake yi ko ba ta gani ba. Ana ɗauko gashi daga wani wuri ana haɗawa da nata. Ta ji nauyinsa, ta ji jiƙarsa na gangarowa wuyanta. Ta bi silin da ido. Daga kan amarya ya taso, ya bi ta kafaɗarta.

Ana kitse su wuri ɗaya.

Ruwa ya kai gwiwa.

Amaryar ta fara sunkuyawa gaba, sannu sannu, kamar mai shirin nutsewa. Kan Hamdiyya ya bi ta. Ta turje, fatar kanta ta yi kamar za ta yage. Hannuwanta ba su daina kitso ba.

Ta buɗe baki. Babu murya.

Ruwa ya kai ƙugu. Fuskarta na matsowa gare shi. A cikinsa ta ga fuskoki, ba ɗaya ba, ba biyu ba, suna kallon sama, kowace da gashinta a tsefe. Suna jiran layi.

Sai wata murya ta keto gonar daga nesa, siririya, ta namiji.

"Allahu akbar, Allahu akbar."

Mas'udu ne. Shi kaɗai a bakin hanya, ya kira salla kafin ya tayar, kamar yadda ya saba in magariba ta riske shi a daji.

Yatsun da ke kanta suka tsaya.

Hannun damanta ya saki gashin. Ya dawo ƙarƙashin ikonta. Ta cusa shi cikin jakar da ke rataye a wuyanta, ta laluba, mataji, kwalbar mai, ga almakashi. Ta kai shi ƙeya. Gashin amaryar ya ƙi yankuwa, kamar waya. Ta matsa sama, jikin fata, ta datse nata.

Ƙaras. Ƙaras.

"Ba ki ida ba," in ji tsohuwar. Muryar ba daga gabanta take fitowa ba yanzu, daga ƙarƙashin ruwa take.

Ƙaras.

Kanta ya kuɓuce. Harshenta ya saku.

"A'uzu billahi!"

Ta faɗa da baya, ta tashi, taɓo ya riƙe takalmanta ta bar su. Ta kutsa cikin gero. Kara na dukan fuskarta. A bayanta wani abu na jan jiki bisa ganye, shuu, shuu, ba ya sauri, ba ya tsayawa. Ta bi muryar Mas'udu kawai, tana tuntuɓe, tana ihu da sunansa.

Hasken tocila ya haske ta. Mas'udu ya riƙe ta kafin ta faɗi.

"Innalillahi! Hamdiyya, mi ya same ki?"

"Tada moto, Yaya. Kak ka duba baya."

Bai duba ba. Sai da suka ga fitilun gari ya tsaya ya haska ta. Jiƙe take har ƙirji, taɓo har gwiwa. Ƙeyarta na jini. Tsakanin yatsun hannun hagunta akwai gansakuka, kore, a kitse tsaf, layi layi.

Washegari Mas'udu ya koma da mai gonar da wasu dattawa. Babu gida. Wani tsohon kududdufi ne da aka daɗe da daina ɗibar ƙasa a cikinsa, cike da ruwan damina. A bakinsa akwai dutse, kusa da dutsen takalman Hamdiyya a kafe cikin laka. Mai gonar ya ce ko awakinsa ba su shan ruwan nan. 

Hamdiyya ta yi jinya a Alela, ana yi mata tofi da rubutu, har ta dawo ta ƙarasa karatunta. Gashin ƙeyarta bai sake tsirowa ba. Ta yar da layin wayar. Ba ta ƙara taɓa kan kowa ba, ko na ƙanwarta.

Nasiba ta cire tallan, ta bi teburan masu shayi da shaguna tana karɓe tsofaffin jaridun tana ƙonawa. Ta ci gaba da riƙe shafin, amma ba ta sake datse maganar kowa ba. In wuri bai isa ba, talla ya jira wani wata.

Ana nan, wata rana da yamma Nasiba ta tsaya ita kaɗai a buro, ofishin jaridar, tana haɗa shafin. Masu shara sun tashi. Ta ji warin taɓo kafin ta ji motsi. Wata mace na tsaye a bakin taga, lulluɓe, ta ba hasken baya.

"Nan aka sa cigiya?"

"Nan na," in ji Nasiba. "Mi za a rubuta?"

Matar ta sa hannu ta zame mayafinta, ta juya kai a hankali don Nasiba ta gani da kyau.

Rabi a kitse, ƙanana, aikin hannun da Nasiba ta sani. Rabi a zube, yana ɗigar ruwa bisa dakalin taga.

Ta ƙofar baya Nasiba ta fita. Ba ta koma ɗaukar jakarta ba. Watan nan Allon Ɗalibai ya fito shafinsa na ƙarshe fari fat, kuma har ta bar lakwal ɗin ba a sami wanda ya yarda ya karɓi shafin ba.