Gurbin Mutum Ɗaya a Kan Benci

Tun da matarsa ta rasu, bakin mai gyaran agogo ya mutu. Sai ya sayi tsohuwar kyamara ya shiga ɗaukar hoto: ƙofa, kyanwa, inuwar tsani. Ya zuba a waya, ko mutum ɗaya bai ce masa sannu ba. Namiji da gemunsa, ya rasa abin yi sai bin inuwa.

Ya kai hotunan wurin mai shagon hoto na layinsu. Wancan ya duba, ya taɓe baki.

"Baba, hotonka ba rai. Kafa kyamarar kan ƙafa uku, ka bar idonta buɗe, ka ƙirga talatin. Duk abin da ke motsi zai ɓace. Abin da ya tsaya cak, shi kaɗai zai fito."

Da rana ta yi ja, lokacin da kowa ke komawa gida, ya nufi tsohuwar tashar motar da aka daina shiga. Warin baƙin mai da kashin jemage. Kwanon rufi na ƙara kaɗan-kaɗan. Ya saita wani benci da babu kowa a kai, ya danna, ya ƙirga.

Ya duba hoton. Mutum biyar zaune, ƙunshin kaya a cinya, kamar masu jiran mota.

Ya ɗaga kai. Benci fayau.

Mai hankali da nan ya naɗe kayansa. Shi kuwa shekara biyu ba wanda ya zauna masa ya ɗauke shi hoto. Ya sake dannawa.

A sabon hoton duk sun juyo suna kallonsa. Sun matsa, sun bar gurbin mutum ɗaya.

Kwanon ya yi shiru. Agogon hannunsa ma haka.

"Malam," aka raɗa dab da kunnensa, "ai akwai wuri."

Bai san sa'ad da ya zauna ba. Katakon sanyi ƙalau. Kafaɗa ta jingina da tasa.

Kyamarar ta yi ƙas, ita kaɗai.

"Kar ka motsa. Mu za mu ƙirga maka. Ɗaya. Biyu."

Abin tsoron shi ne daɗi ya ji.

"Ashirin da takwas."

Maganar mai shago ta faɗo masa. Ya motsa ɗan yatsa da ƙyar. Ya ambaci Allah, ya fizge, ya fita ko takalmi babu.

Washegari da tsakar rana ya ja mai shagon suka ɗauko kyamarar. Mutum biyar tar a hoton. A tsakiyarsu wani abu kamar hayaƙi, da hularsa.

Yanzu kasuwa yake ɗauka, da masu keke, hotuna duk dishi-dishi. Mai shago ya ce sun fi na da muni, shi kuwa ko a jikinsa. Ko agogo yake gyarawa, ƙafarsa na rawa ƙarƙashin tebur.

Sai dai hoton nan bai goge ba. Yakan buɗe shi da yamma ya duba. Har yau ba su cike gurbin ba.