Saƙon da Auta Ta Manta

Saura kwana tara a yi bikin baje kolin manoma, Auta na zaune a tsakar ɗaki ta jera kwalaben zuma sittin a kan tabarma, tana manna musu takarda mai hoton fure. Mijinta mai zuma ne, amya goma sha biyu gare shi a bakin gonar kankanar mahaifinta. Can ma suka haɗu, ranar da ƙudan zumansa ya harbe ta a leɓe, ya tsaya yana dariya, ta wanke shi tas. Shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura aure.

Wayarta ta yi ƙara. Baba ne. Ya ce ya nemi surukinsa bai same shi ba, ga tsutsa ta shiga gona, jibi da hantsi zai yi feshi, ta gaya masa ya toshe bakin amyoyin tun da asuba. Haka suka saba: mai feshi ya sanar, mai zuma ya rufe, sai magani ya bushe a buɗe wa ƙuda. Ta ce to. Tana ajiye wayar gwiwarta ta ture gwangwanin gam, ya malale a kan takardun. Ta tashi neman tsumma tana mita, saƙon kuwa ta sha'afa da shi.

Ranar feshin da la'asar mijin ya shigo ba da irin sallamar da ta sani ba. Ya ajiye hularsa a gabanta, cike da matattun ƙuda. Amya tara sun tafi.

Nan take ta tuna. Ta buɗe baki, kafin ta yi magana Inna, surukarta, ta fito daga ɗaki ta karɓe zancen. Ta ce da gangan tsohon nan ya yi, tun bara yake ƙunci da zuma ta ci kofi kankana ko tafi ba ta samu ba. Aka aika aka tambayi Baba, bai ce komai ba sai laifinsa ne. Inna ta yafa mayafi ta nufi kwamitin biki, aka soke teburin da Baba ya shekara ashirin yana baje kaya a kai.

Auta ta je ta tarar da Baba yana gyara tayar baro. Tun kafin ta durƙusa ya ce ya san abin da ya kawo ta.

"Ki riƙe bakinki, Auta. Tebur katako ne. Aurenki ko shekara biyu bai yi ba."

Ta riƙe ɗin. Kwana bakwai tana zuba wa mijinta abinci yana juya cokali, ita tana shiga kicin tana ɗora wa albasa laifin hawayenta.

Ranar biki fili ya cika. Ga masu man gyada, ga masu cuku, ga wani mai kabewa da ya sa wa kabewarsa hula don ta fi fita a hoto. Lasifika na ta kiran sunayen manoma ana tafi. Auta na bayan teburin mijinta tana miƙa kwalabe, Inna na gefe tana ba duk wanda ya tsaya labarin ƙuda tun daga farko. Ta bakin ƙofa Auta ta hango Baba. Ya turo baronsa duk da haka, ya tsaya a waje cikin rana. Mutanen da suka saba cin kankanarsa kyauta suna wuce shi kamar ba su taɓa ganinsa ba. Wani ma ya tsaya ya toshe hanci, wai warin maganin feshi yake ji. Baba ya yi murmushi ya gyara hula.

Daidai lokacin shugaban kwamiti ya iso teburin ɗanɗana zuma. Auta ta ajiye kwalbar hannunta.

"Ranka ya daɗe, Baba ya aiko a toshe amya. Ni ya faɗa wa. Ni ce na manta."

Cokalin shugaban ya tsaya a hanya. Inna ta dube ta sama da ƙasa.

"Kwana bakwai kina kallon ɗana yana ramewa, kin bar ni ina yawo da baki a gari? To ga baron can, ki bi shi."

Auta ta dubi mijinta. Shi kwalabe yake kallo, sai jera su yake alhali a jere suke. Ta cire atamfar da ta ɗaura don aiki ta ninke, ta fita. Baba bai yi mata faɗa ba. Ya ce ita dai tun tana rarrafe ba ta jin magana, ya yanka mata kankana ya matsa mata inuwar baro. Kwamiti ya aiko a mayar masa da teburinsa, ya ce ya gode, yau nan ya fi masa daɗi.

Sati uku tana gida. Wayarta ko fulashin. Kullum tana bin Baba gona, tana kallon furen kankana yana kaɗewa ba ɗa, don ƙudan da zai sauka a kansa ya yi ƙaranci. Ba ta aika kowa biko ba, ba ta kai ƙarar kowa ba. In maƙwabta sun tambaya sai ta ce abin da ta yi ne ya same ta.

Wata safiya suna cire ciyawa sai ga mai zuma a kan keke. Bai dube ta ba, Baba ya nufa ya durƙusa cikin kunya, ya ce ya tsaya ana zagin dattijo a gabansa bai buɗe baki ba, a yafe masa. Sannan ya juyo gare ta.

"Mantuwa ba ta ƙona min rai ba, ni ma ina yi. Shirun ne. Da a ranar kika faɗa, da tare za mu yi kukan."

Ta ce ta ji tsoron rasa shi ne. Ya ce ai ga shi saura kaɗan ta rasa ɗin, kuma sati ukun nan ba hutu ya yi ba, Inna yake lallashi. Inna ta yarda Auta ta koma, amma ta ce kada a sa ran za ta amsa gaisuwa.

Haka kuwa aka yi. Kullum Auta ta durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ta gaishe da labule. Sai a wata na huɗu labulen ya amsa, da cewa shayin jiya sukari ya yi yawa. Auta ta koma kicin ta yi kuka mai isarta.

'Yan mata, laifin da aka faɗa da zafinsa ana yin fushinsa a gama. Wanda aka ɓoye, wani bawan Allah ne zai tsaya a rana yana ɗauke da shi, kuma sau da yawa wanda ya fi son ki ne.